Yadda Ake Zaɓen Injin Jan Gungume Don Aikin Itace a Maraɗi

Iskar farkon damina ba ta wucewa hannu rabbana. Gari na wayewa sai ka tarar da bedi kwance a kan katangar wani gida a unguwar Zariya ko Bagalam, gawo ya kife a tsakiyar gona a hanyar Tibiri, mangwaro ya jirkice a lambunan bakin Gulbi. Yanzu daddatsa itacen ba shi ne aiki ba, tunda zarton inji ya wadata. Aikin yana wurin fitar da gungumen daga inda ya kwanta zuwa inda amalanke ko mota za ta iya shiga. Nan ne ake tara samari goma ana ta "ku ja, ku ja", ƙugu na ƙara, rana ta faɗi ba a ci mita ashirin ba.

Akwai ƙaramin inji da aka ƙera don wannan wahalar, wanda mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa ya shiga gona da shi. Masu sayarwa a Yamai suna rubuta masa treuil, na Kano da Legas suna ce masa winci, ni kuwa injin jan gungume nake kiransa. Iri-iri ne, kuma mafi yawan waɗanda za ka gani a kasuwa ba don itace aka yi su ba.

Da aljihuna na koyi haka. Wata shekara bedin gidan kawuna ya faɗi, na je na sayo irin wanda ake ɗaura wa mota a gaba, saboda na ga an rubuta 12000 ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Na ɗaure shi a gindin wani itace, na jona da batirin mota. Ya ja na ɗan lokaci, sai ya fara kuka kamar akuyar da igiya ta shaƙe, wayoyin suka ɗauki zafi, batir ya mutu murus. Kawu yana zaune a tabarma yana kallon ikon Allah.

Ya ce, "Ɗana, abin nan naka mai yake sha ko kuɗi?"

Na ce, "Batir yake sha, Kawu."

Ya ce, "To, tashi ka kira mai shanu."

Bijimai biyu suka fitar da gungumen kafin la'asar. Laifin ba na injin ba ne. Ni ne na fara da kwali, alhali da gungume ake farawa.

Mataki na farko: ka auna itacen da kake aiki da shi

Kada ka taka ƙafa zuwa shago sai ka san nauyin gungumen da ka fi yawan ja. Ba a buƙatar sikeli. Ka sami igiya ka zagaya tsakiyar gungumen, ka auna kewayensa da mita, ka auna tsawonsa. Sai ka ninka kewaye da kewaye, ka ninka da tsawo, abin da ya fito ka ninka da 80. Amsar ita ce kimanin kilo nawa ɗanyen gungumen yake.

Misali, gungumen bedi mai kewayen mita 1.6 da tsawon mita 3. Idan ka ninka 1.6 da 1.6 za ka sami 2.56, sau 3 ya zama 7.68, sau 80 ya tashi kilo 614. Wato abin da ido ke gani kamar maza huɗu za su ɗaga ya haura buhunan siminti goma sha biyu. Lissafin ya ginu ne a kan cewa ɗanyen itace mai tauri yana kusan tan ɗaya a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi. Idan kirya ce ko tsamiya ko marke, ka ƙara wani abu a kai, don sun fi haka nauyi. Busasshen itacen turare kuwa ka rage. Kuka ba a ma sa ta a wannan lissafi, jikinta soso ne cike da ruwa, kuma ba itacen da ake nema don katako ba ce.

Ka auna uku ko huɗu daga cikin irin waɗanda ka saba, ka rubuta a takarda. Ka rubuta nisan da kake jan su kuma. Mita ashirin daga bayan gida zuwa bakin titi daban, mita tamanin daga cikin fadama zuwa tudu daban.

Mataki na biyu: ka dubi ƙasar

Ja ba ɗagawa ba ne. A kan ƙasa mai tauri da ba ta da gangara, ƙarfin da ake buƙata don jan gungume yakan kama daga rabin nauyinsa zuwa kashi uku cikin huɗu. Amma mu a nan ƙasa mai tauri ba ta da yawa. Jigawa ce, rairayi, kuma kan gungume yana nutsewa a ciki ya riƙa tura tudun yashi a gabansa kamar garma. Da zarar ya yi haka, ƙarfin da zai ci ya kai nauyinsa duka, wani lokaci ya zarce. Laka ta fadamar Jiratawa ko ta kewayen tafkin Madarunfa tana da nata halin: idan ta jiƙe gungume yana sulɓi, idan ya kwana a ciki kuma ta riƙe shi gam. Hawan gaɓar Gulbi shi ma ƙari ne.

Don haka shawarata ita ce, ka nemi injin da ƙarfinsa da igiya ɗaya ya kai nauyin gungumen da ka fi yawan ja. Manyan da ke zuwa jefi-jefi, puli zai ji da su, zan zo kansa. Wanda ya sayi inji don gungume mafi girma da ya taɓa gani a rayuwarsa, kullum zai riƙa dakon ƙarfen da ba ya buƙata.

A nan ne kuma ya kamata in kashe wani buri da mutane da yawa ke zuwa da shi. Ƙaramin inji ba ya tumɓuke kututture. Saiwar gawo tana nutsawa ƙasa sosai, kuma tan ɗaya ko biyu ba ya ko girgiza ta, sai an tone an sassare jijiyoyin. Ban da haka ma, kututture mai rai a gonar Maraɗi dukiya ce. A wannan jihar ne Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ya fara aikin da manoma ke kira sassabin zamani a 1983, inda ake barin tohon kututture ana gyara shi har ya koma itace. An ƙiyasta cewa ta haka ne kimanin hekta miliyan 5 suka sake yin kore a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Injin da zai taimaka a mayar da hannun agogo baya ba shi nake tallatawa ba. Kuma dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yunin 2004 tana nan daram. Gawo na cikin itatuwan da aka kare, saboda haka ko faɗuwa ya yi da kansa, ka fara biyawa ta wurin ma'aikatan gandun daji ka karɓi takarda kafin ka tayar da inji. Ƙarar inji ba ta ɓuya.

Mataki na uku: ka zaɓi iri

Na farko shi ne na batirin mota, wanda ya kunyata ni a gaban kawu. An yi shi ne don fitar da motar da ta kafe, aikin minti biyu ko uku sannan ya huta. Idan yana ja da ƙarfinsa yana zuƙar wutar batiri ɗaruruwan amfiya, shi ya sa ake barin injin motar a kunne. Wanda ke da mota mai shiga rairayi kuma gungumensa na kusa da hanya zai iya amfana da shi. Ga mai shiga gona da ƙafa, asarar kuɗi ce.

Na biyu shi ne wanda ake cire wa zarton inji takobinsa a haɗa shi da shi, irin na kamfanin Lewis. Yana da gangar da ke naɗe igiyar ƙarfe mai tsawon kimanin mita 45, kuma da zarto mai ƙarfi yana jan kusan kilo 1800. Ba shi da laifi, sai dai abu biyu. Muddin zarton na jikinsa ba ka da abin yanka, sai ka kwance ka mayar, ko ka mallaki zarto biyu. Sannan injin zarto ba a yi shi don ya daɗe yana nishi a ƙarƙashin kaya ba, balle a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40.

Na uku shi ne wanda Faransawa ke kira kabestan, kuma shi na fi so a wannan aikin. Bambancinsa da sauran shi ne ba ya tara igiya a jikinsa. Yana da ƴar ƙaramar ganga mai juyawa, sai ka naɗa igiya sau uku ko huɗu a kanta, ka riƙe wutsiyar a hannu. Ka ɗan ja wutsiyar, igiya ta kama gangar, gungume ya taho. Ka sassauta, gangar ta riƙa juyawa a banza, gungume ya tsaya. Amfanin wannan tsari biyu ne, kuma dukansu manya. Tsawon igiya ba shi da iyaka, mita 50 ko 100 duk ɗaya ne a wurinsa. Ƙarfinsa kuma ba ya raguwa daga farkon ja har ƙarshe, saɓanin mai naɗewa.

Cikin sanannu akwai na kamfanin Portable Winch na Kanada. PCW3000 nauyinsa bai cika kilo 10 ba, yana jan kilo 700 da injin Honda GX35. PCW5000 nauyinsa kilo 16, yana jan kilo 1000 da injin Honda GXH50, yana cin kimanin mita 12 a minti ɗaya. Jamusawa suna da Eder, wanda babbansa ke jan kilo 1800. Akwai kuma kwaikwayonsu na Sin masu sauƙin kuɗi, waɗansu na da kirki, waɗansu kuwa ranar farko haƙoran giyarsu ke zubewa. Idan ka koma ga takardarka ka ga yawancin gungumenka tsakanin kilo 500 ne da 900, mai tan ɗaya shi ne naka. Mai yankan rassa da ƙananan turare, mai kilo 700 ya ishe shi, kuma kafaɗarsa za ta gode masa.

Akwai kabestan mai batirin kansa, ba hayaƙi ba ƙara. A cikin gari inda akwai wuta yana da daɗin aiki. A ƙauye sai kana da sola da batiri na biyu, ga shi irin waɗannan batura ba sa shiri da zafi.

Na huɗu ba inji ba ne, amma rashin adalci ne in tsallake shi: tirfo, wanda ake ja da hannu ta hanyar kaɗa sandar ƙarfe gaba da baya. Na kamfanin Tractel suna zuwa da kilo 800, 1600 da 3200. Ba ya shan mai, ba ya jin ƙura, yana tafiya a hankali kamar hawainiya amma ba ya fasawa. Idan aikinka sau uku ne ko huɗu a shekara, ko kuma karkatar da itace ne kawai don kada ya faɗa kan ɗaki, ka sayi tirfo ka adana sauran kuɗinka. Inji na mai jan gungume da yawa ne a rana ɗaya.

Mataki na huɗu: ka iya karanta lambar kwali

Lambar nan 12000 da ta ruɗe ni ba kilo ba ce. Ma'aunin Amurka ne da ake rubutawa lb, kuma kowane ɗaya bai kai rabin kilo ba, giram 454 ne. Wato 12000 ɗin kimanin kilo 5400 ne. Idan ka ga kN, kowane ɗaya kusan kilo 100 ne. Idan daN ne, ka ɗauke shi kamar kilo.

Ko bayan ka mayar da ita kilo, a injin da ke naɗe igiya lambar tana aiki ne kawai a layin farko, lokacin da igiya ke kwance a jikin ƙarfen gangar. Duk layin da ya hau kan wani, gangar ta ƙara kauri, ƙarfi ya ragu. Kafin a kai layi na huɗu fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Wasu masu sayarwa kuma suna rubuta ƙarfin da ake samu da puli kamar na injin ne shi kaɗai. Ka tambaya kai tsaye: "Alhaji, wannan lambar da igiya ɗaya ce ko da ninki?" Idan ya yi shiru yana juya kwali, ka raba lambar biyu a ranka.

Mataki na biyar: ka sayi injin da bakaniken unguwarku ya sani

Ranar da zai tsaya tana nan tafe, kuma ba a Kanada zai tsaya ba. Kafin ka biya, ka ɗauki hoton injin ka nuna wa mai gyaran injin ban ruwa ko janareto. Buji, matatar iska, igiyar tayarwa da karbureta, idan ya ce ana samunsu a Maraɗi ko a Katsina, to madalla. Idan ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, ka yi tunani sau biyu.

Injinan fetur ɗin da ke juya su iri biyu ne. Akwai wanda ake gauraya masa fetur da mai na musamman, yawanci mililita 20 a lita ɗaya, irin na zarto. Yana da sauƙin nauyi, amma ranar da yaronka ya manta bai gauraya ba, injin ya gama yawo. Akwai kuma mai ɗakin baƙin mai daban, irin Honda ɗin nan biyu. GX35 yana aiki ko a karkace yake. GXH50 kuwa yana son a daidaita masa zama, kuma idan mai ya yi ƙasa ko ya karkace da yawa yakan kashe kansa. Mutane kan ɗauka lalacewa ya yi, alhali kare kansa yake.

Mataki na shida: igiya da ƴan rakiyarta

Nan ne masu saye suke yin rowa, kuma nan ne rai yake. Ka ware kuɗin igiya da puli tun kafin ka yi cinikin inji. In kuɗin bai kai duka ba, gara ƙaramin inji da igiya ta gari.

Kabestan yana son igiyar poliyesta mai saƙa biyu, wadda ba ta miƙewa: milimita 10 ga mai kilo 700, milimita 12 ga mai tan ɗaya. Ta milimita 12 mai kyau sai an kai wajen tan uku take tsinkewa. Shuɗiyar igiyar robar nan ta kasuwa da ake ɗaure kaya da ita a mota, kada ka kusantar da ita. Gogayya da ganga na haifar da zafi, ita kuwa tana narkewa tun wajen digiri 160, poliyesta sai ta haura 250. Nailan kuma yana miƙewa kamar robar danƙo, yana tara ƙarfi a jikinsa, ranar da ya tsinke bulala ce mai fasa fuska. Ka sani kuma kowane ƙulli yana rage wa igiya ƙarfi, wani har kusan rabi.

Idan mai igiyar ƙarfe ka saya, safar hannu ta fata dole ce, don silin waya ɗaya da ya karye yana tsaga tafin hannu. Kada ka warware ta duka, ka bar aƙalla naɗi biyar a gangar.

Sai puli, ƴar tayar nan mai kwari da igiya ke bi, irin ta bakin rijiya, amma ta ƙarfe mai buɗewa ta gefe. Ka ɗaura shi a jikin gungume, igiya ta fito daga inji ta ratsa shi ta dawo ka ɗaure ƙarshenta a wani gindin itace kusa da injin. Ƙarfi ya ninka biyu, gudu ya ragu rabi, igiyar da za ka ci ta ninka. Da haka mai tan ɗaya ke jan kusan tan biyu. Ka sayi biyu, ɗaya na ninki ɗaya na karkata hanya, kuma kowanne ya zama an buga masa lambar da ta ninka ƙarfin injinka. Dalili kuwa, pulin da igiya ta zagaya ta dawo baya yana ɗaukar ninkin abin da inji ke ja. Ko kwana ce kawai ta yi kamar kusurwar ɗaki, yana ɗaukar kusan ɗaya da rabi.

Ragowar kayan ba su da yawa. Ɗamara mai faɗi guda biyu ko uku don zagaya gindin itace, domin igiya ko sarƙa tana yanke ɓawo ta kashe itacen da ya taimake ka. Zoben ƙarfe mai noti, wanda aka buga wa lambar nauyi a jiki. Ƙugiyar da mai walda ya lanƙwasa da rodi a bakin titi ba ta shiga wannan aiki, tana miƙewa ba sallama. Gajeriyar sarƙa ta shaƙe kan gungume, don kada igiyarka mai tsada ta riƙa gogar ƙasa. Sai maganin rairayi: ana sayar da wata hular roba mai tsini da ake sa wa kan gungume, amma rabin tanon roba da aka huda aka zura sarƙa ta ciki yana yin aikin. In babu, ka fiƙe kan gungumen ta ƙasa da gatari, ka jera gajerun rassa a gabansa ya riƙa hawa. Na ga wannan dabarar kaɗai ta motsa gungumen da inji ya gaza.

Mataki na bakwai: ina za ka ɗaure shi?

Inji ba ya ja sai an riƙe shi. Duk ƙarfin da ya sa a kan gungume, daidai shi yake sa wa abin da aka ɗaure shi a jiki. A daji irin na Baban Rafi wannan ba matsala ba ce. A gonar jigawa kuwa za ka iya tsayawa ka duba gabas da yamma ba ka ga komai ba sai sabara da kalgo. Ka yi tunanin wannan tun kafin saye, don shi ne zai gaya maka tsawon igiyar da za ka nema. A wurinmu mita 100 ba almubazzaranci ba ne.

Itacen ɗauri ya zama rayayye, mai kauri, kuma a ɗaure shi can ƙasa kusa da gindi. Idan babu, ka haƙa rami mai zurfin kimanin mita ɗaya a gicciye da hanyar ja, ka kwantar da guntun gungume a ciki da ɗamara a tsakiyarsa, ka yanka ƴar siririyar hanya da ɗamarar za ta fito, ka mayar da ƙasa ka daddanna. Ƙugiyar bayan mota ma tana yi idan an ja birki an sa wa tayoyi waigi. Amalanke, turken rumfa, ginshiƙin ɗaki da falwayar wuta, duk ba wurin ɗauri ba ne.

Mataki na takwas: idan itacen yana tsaye

Yawancin masu neman injin nan a cikin gari, abin da ke damunsu shi ne bedin da ya karkata kan ɗaki. Ga yadda ake yi. A ɗaura igiya sama, wajen kashi biyu cikin uku na tsayin itacen, a jikin gangar itacen ba a reshe ba. Iya nisan da ta yi sama, iya sauƙin jan. Mai inji ya tsaya nesa da ninki biyu na tsayin itacen. Idan fili bai kai ba, kuma a cikin unguwa da wuya ya kai, a sa pulin karkata hanya, itacen ya faɗi wajen pulin, mai inji yana gefe.

Mai zarto ya fara yanke baki ta ɓangaren da ake so ya faɗi. A ɗan ɗaure igiya ta miƙe kawai, ba a ja da ƙarfi ba. Sannan ya yanka ta baya, ya bar wani kauri a tsakiya bai yanke ba, shi ne ke riƙe itacen kamar ƙyauren ƙofa har ya kwanta inda aka nufa. Sai ya janye ya koma gefe, ya ɗaga hannu, sannan a ja. Kuskuren da ya fi kisa shi ne ja da ƙarfi tun ana yanka: gangar itacen na iya tsagewa a tsaye ta harbo baya inda mai zarto yake. Da yake ƙarar injina biyu ba ta barin a ji magana, ku yi yarjejeniyar alamun hannu tun kafin a tayar, kuma mutum ɗaya tak ke ba da umarni. Idan akwai wayar lantarki kusa, a sanar da kamfanin wuta na NIGELEC tukuna.

Abu uku ba a sassauci a kansu ko gungume kwance ake ja. Ba a naɗa wutsiyar igiya a hannu ko a ƙugu. Ba a tsallaka igiyar da ke ɗaure. Ba a tsayawa a cikin kusurwar da igiya ta yi a wurin puli, don in ɗamara ta tsinke nan pulin zai biyo. Ka kuma sa mutum guda wanda ba shi da aiki sai korar yara, domin kafin inji ya yi minti biyu yana ƙara, unguwa ta hallara. Kuma wannan injin na ja ne, ba a ɗaga mutum da shi, ba a sauke mai haƙar rijiya da shi.

Mataki na tara: gwaji kafin kuɗi su bar hannunka

Kada ka yarda da injin da aka tayar maka a kan tebur yana juyawa a banza. Ka ce a ɗaura masa kaya, ko da mota ce da aka saka a giya, ka saurari akwatin giyar. Ƙara mai santsi lafiya ce, ƙas-ƙas ko ɗigar mai alamar ciwo ne. Ka girgiza gangar da hannu ka ji ko tana lilo. Idan wanda aka taɓa amfani da shi ne, ka dubi gangar ko igiya ta ci ta ta yi kwari mai kaifi, ka buɗe matatar iska, ka zaro ma'aunin mai ka ga launinsa. Ka tayar da shi da kanka yana sanyi, don wanda aka riga aka ɗumama kafin ka zo yana ɓoye aibinsa. Sannan ka ɗauke shi ka yi taku hamsin da shi, ka tuna cewa a gona za ka ƙara da igiya mita 100 da puli da galan ɗin mai.

Idan kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ku haɗu ku uku ko huɗu ku saya, amma ku ɗora alhakinsa a wuyan mutum ɗaya da zai riƙa bin sa duk inda aka kai shi haya. Kayan da kowa ke tayarwa ba wanda ke duba masa mai.

Ranar da ya iso gida, ka fara duba baƙin mai, don yawanci babu mai a ciki ake aiko su. Cikin GX35 mililita 100 ne kacal, na GXH50 kuwa 250, saboda haka ɗan ragi kaɗan ya isa ya ƙone shi. Ka canza man farko bayan awa 10 na aiki, daga nan duk awa 50. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya ka tace shi da tsumma mai tsabta kafin ka zuba. Lokacin hunturu ka wanke matatar iska duk ranar da aka yi aiki. Igiya kuwa ka kakkaɓe mata yashi, lokaci-lokaci ka wanke ta da ruwa zalla ka shanya a inuwa, ka zuba ta a buhu yadda ta zo ba tare da ka naɗe ta a gwiwar hannu ba, don kada ta murɗe. In za ka ajiye injin fiye da wata ɗaya, ka juye fetur ɗin tankin, ka tayar da shi ka bar shi ya shanye na cikin karbureta har ya mutu da kansa.